Karatu daga gida ko zama a cikin jami'a: ku ba mu shawara kan autarmu

Abu Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata magana ce ta taso mana, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai waɗanda suka ɗanɗana kowane ɓangare. Autarmu 'yar sha takwas ta gama sakandare, ta ci JAMB, an ba ta gurbi a wata jami'ar tarayya da ke wata jiha, kwas ɗin tattalin arziki. Mahaifinmu ya ce shi fa ba zai iya runtsawa ba 'yarsa tana can. Tun abin da ya sami 'yan matan jami'ar Gusau a 2023, da aka bi su har gidajen da suke haya a Sabon Gida aka kwashe su, ba ya son jin maganar hostal. Wani amininsa ya ba shi shawarar a yi mata rajista a NOUN, wato jami'ar tarayya ta karatu daga gida, ko a sashen karatu daga nesa na ABU, ta yi karatunta a ɗaki, jarrabawa kawai za ta riƙa fitar da ita. Yarinya ba ta ce uffan ba, amma ko abinci ta daina ci sosai. Ni aka ce in bincika. Don Allah wanda ya yi karatun nan ya faɗa mana tsakani da Allah: karatu ne na gaske, ko takarda kawai ake karɓowa?

Ɗan Kwari:
Wa'alaikumus salam. Karatu ne mana. Ni a shago nake yin nawa, yanzu ina aji uku. Babu yajin aiki, babu wanda zai ce ka rufe shago ka zo lakca ƙarfe takwas ka je ka tarar malami bai zo ba. Ku yi mata kawai.

Maman Khairat:
Malam Abu Hanan, ni na gama digirina ta wannan hanyar a NOUN, kuma ina da 'ya'ya uku lokacin da na fara, don haka bari in ba ka labarin yadda abin yake daga ciki, ba yadda ake faɗa a talla ba.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Za ka yi rajistar kwasa-kwasanka ta intanet, ka sauke littattafan a waya ko ka karɓi bugaggu idan akwai. Kowane kwas yana da aikin gwaji da ake kira TMA, shi ke ɗaukar maki 30, jarrabawar ƙarshen zango ta ɗauki 70. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke rubuta jarrabawa, daga aji uku a koma biro da takarda. Littattafan kuma wallahi an rubuta su da sauƙi, kashi-kashi, kowane kashi da tambayoyinsa a ƙarshe.

Wuyar tana cikin gida. Duk wanda ya gan ki a zaune da waya a hannu, to a wurinsa hira kike yi. Babu wanda zai ce ku yi shiru tana karatu. Idan maƙwabciya za ta unguwa, ke za a kawo wa yara, ai kina gida. Idan an yi haihuwa a dangi, ke ce ta farkon zuwa, ai ba ki da aikin yi. Akwai wata rana ina da jarrabawa washegari da safe, sai ga surukata da ƙanwarta sun sauka daga ƙauye ba sanarwa. To wa zai buɗe baki ya ce Inna ina da jarrabawa? Na ɗora tuwo, na yi miyar kuka, aka zauna hira har sha ɗaya saura. Da suka kwanta na shiga kicin na rufo ƙofa, na zauna kan kujera 'yar tsugunno da tocilan saboda an ɗauke wuta, sauro yana ta aikinsa a ƙafata. A nan na ji kiran assalatu.

Dabarar da ta cece ni ita ce, ina karanta taƙaitaccen bayanin kowane kashi da ƙarfi in naɗi muryata a waya, sai in sa abin kunne ina wanke-wanke ina saurare.

Ni a wurina rahama ce, don in ba ta wannan hanyar ba da har yau satifiket ɗin sakandare ne da ni. Amma ka ce yarinya ce 'yar sha takwas. Ni na shiga da yunwar abin, na san me na rasa. Ita kuma za ta ji ne an hana ta wani abu an ba ta wannan ta rage zafi. Da wannan zuciyar ba na jin za ta buɗe littafi ƙarfe biyun dare ba wanda ya sa ta.

Hajiyar Tudun Wada:
Maman Khairat kin gama magana. Ni dai abin da ya sa na ajiye nawa a aji biyu ke nan. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, lokaci ne babu mai tsare mini shi.

Injiniya:
Ni fa ban yarda a haɗa su ba. Jami'a ba littafi ba ne kawai. A hostal na fara zama ɗaki ɗaya da Tibi da Bayarabe da ɗan Kudancin Kaduna, a nan na koyi yadda ake musu da mutum a tashi ba a ɓata ba. A nan na koyi tsayawa gaban mutum ɗari in yi bayani gwiwata ba ta kaɗa ba. Aikin da nake yi yau ma abokin ajinmu ne ya turo mini tallarsa. Wannan duk ta waya za a koya?

Ɗan Kwari:
Injiniya ranka ya daɗe, shekara nawa ka yi kafin ka fito?

Injiniya:
Kwas ɗin na biyar ne, na yi kusan bakwai. Na san inda ka nufa.

Ɗan Kwari:
To ai shi ke nan. A 2020 ASUU ta tafi yajin aiki tun Maris sai Disamba, ga korona a kai. A 2022 aka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Duk wannan lokacin mu muna ta rubuta jarrabawarmu a 2022, ku kuna gida kuna jiran zaman sulhu. Zama da Bayarabe kuma, zo Kwari ka ga yadda ake zama da shi har da ciniki.

Baban Gida:
Ina gaishe ku, yara. Ni tsohon malamin makaranta ne, jikata ce ta karanta mini wannan muhawara, ita ke rubuta mini. Na ga kamar kun ɗauka karatun nesa da wayar hannu ya zo. A'a. Tun zamanin Turawa akwai malamai da akawuna a ƙasar nan da suke karatu ta gidan waya. Rapid Results College da Wolsey Hall daga Ingila suke aiko da darasi a ambulan, mutum ya amsa ya mayar, sai bayan makonni gyaran ya dawo da jan biro. Da haka mutane da yawa suka ci GCE, wasu har suka yi digirin Jami'ar Landan ba su taɓa hawa jirgi ba.

Ni kaina da takardar malanta ta Grade II na fara koyarwa. Da gwamnati ta ce NCE ce mafi ƙarancin takardar malami, da yawanmu muna da iyali, ba mai iya ajiye aiki ya koma kwaleji. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, ita ta rufa mana asiri. Ana ba mu littattafai mu tafi da su, ranar Asabar da lokutan hutu mu haɗu a wata sakandare da malamai. Ku lura da wannan, muna haɗuwa. Mu huɗu daga ƙauyenmu muke hawa keke tare, wanda ya makara a tsaya a ƙofar gidansa ana buga masa ƙararrawa har ya fito. Kunyar abokan tafiya ce ta sa na gama, ba ƙwazona ba.

NOUN ɗin da kuke faɗa, Shagari ya kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta Buhari ta dakatar da ita a 1984, ta kwanta har Obasanjo ya tashe ta a 2002. Shi Obasanjon da kansa, bayan ya sauka daga mulki, ya shiga ya zama ɗalibinta, har ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara 80. Ɗan Kano ma, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Saboda haka maganar ko makaranta ce ta gaske ba ta taso ba. Tambayar ita ce wa zai buga wa yarinya ƙararrawa.

Abu Hanan:
Baba mun gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan tarihin ban san rabinsa ba.

Almajirin Zaure:
Da girmamawa ga Baba, amma ni ina da ja. Mu a wurinmu ilimi daga bakin malami ake ɗaukarsa. Malamai suna cewa wanda littafi ne malaminsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa. A zaure kana ja malami yana fassara, in ka karkace ya tsayar da kai nan take, yana kallon fuskarka ya gane ba ka fahimta ba ko da ka gyaɗa kai. Mai karatu shi kaɗai zai iya fahimtar abu a baibai ya riƙe shi haka shekara huɗu, babu wanda ya sani.

Basakkwace:
Malam Almajiri, maganarka gaskiya ta, amma bari in tuna maka wani abu na nan gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta tara matan ƙauyuka duka ta zaunar gabanta ba, don ta san matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta taho Sakkwato ko Wurno. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta naɗa jajjoji, tsofaffin mata masu natsuwa, ta ɗaura musu malfa, su su zo su ɗauki karatu wurinta cikin waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma su biya ma matan da ke gida. In wannan ba karatu daga nesa ba ne, to mi ne ne? Sai dai ka duba, ba takarda ta aika ita kaɗai ba, mutum ta aika da takardar. Ina ganin nan ne maganarka da ta Baba suka haɗu.

Almajirin Zaure:
Na karɓa. In akwai jaji a tsakani ba ni da ja. To a wannan na yanzu wace ce jajin? Fotal, wato shafin makarantar na intanet?

Maman Khairat:
Akwai malaman da ke yin darasi ta bidiyo kai tsaye, ana iya tambaya. Amma gaskiya ni rukuninmu na WhatsApp ne ya fi yi mini amfani. Akwai wani ɗan sanda a cikinmu, lissafi kamar shi ya ƙirƙiro shi, shi ke warware mana a takarda ya ɗauki hoto ya turo, wani lokacin daga bakin aiki da tsakar dare.

Dakta M.:
Ina koyarwa a jami'a, kuma na taɓa jagorantar darasi ga ɗaliban nesa, don haka bari in sa baki, musamman kan maganar Malam Almajiri.

Hoton da kake da shi na malami yana kallon fuskar ɗalibi, a zaure yake. A jami'ar gwamnati, ɗan aji ɗaya yana shiga zauren lakca da ɗaruruwan mutane, wani a kan taga, wani a tsaye a baya, lasifika ta lalace ko babu wuta. Na bayan nan motsin bakina kawai yake gani. A ƙarshe handawut zai nema ya yi hoto ya haddace. Wannan yaron, ko da yana kwana a hostal, shi ma karatun nesa yake yi, sai dai bai sani ba. Sai a aji uku ko huɗu, da aji ya rage, nake fara sanin sunayensu.

To me zama a makaranta yake bayarwa da gida ba ya bayarwa? A ganina ba ni ba ne, 'yan uwansa ɗalibai ne. Idan jarrabawa ta matso, ka zaga azuzuwa da daddare ka gani: wani yaro ɗan aji uku a gaban allo yana yi wa ƙannensa bita kyauta, wasu a masallaci, wasu ƙarƙashin fitilar titi. Ko malalaci in ya ga ɗaki ya watse kowa ya tafi karatu, zai ji kunya ya ɗauki littafi. Sai kuma ɗakin gwaje-gwaje da babban ɗakin karatu irin na Kashim Ibrahim a Samaru, waɗanda ba su da madadi ga mai karatun kimiyya. Shi ya sa ba za ka ga ana yin likitanci ko injiniyanci daga gida ba. Ko digirin jinya da ABU ke bayarwa daga nesa, na waɗanda tuni suka zama ma'aikatan jinya masu rajista ne, hannunsu ya riga ya saba da mara lafiya.

A ɗaya ɓangaren kuma, mafi daɗin ɗaliban da na taɓa koyarwa na nesa ne. Ina bayani kan kasafin kuɗi, sai wani ma'ajin ƙaramar hukuma ya ce Dakta, a littafi haka yake, amma bari in gaya maka yadda ake yi a ofis. Na fi ƙaruwa da shi fiye da yadda ya ƙaru da ni. Irin wannan mutum da tambayoyinsa ya zo, amsa yake nema. Yarinya 'yar sha takwas kuwa ba ta tara tambayoyin ba tukuna.

Injiniya:
Dakta ka faɗi abin da na kasa faɗa. Na gode.

Yaron Kafe:
Ku yi haƙuri in faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Na yi aiki a kafe kusa da wata cibiyar masu karatu daga nesa. Akwai manyan mutane da ke zuwa su ajiye lambar shiga fotal ɗinsu da kuɗi, su ce a yi musu TMA duka, ba su ko san sunan kwas ɗin ba. Akwai rukunonin da ake sayar da amsoshi. Sai ranar jarrabawa ka gansu suna zufa. To irin waɗannan su ke ɓata sunan masu yi don Allah.

Ɗan Kwari:
A cikin makarantar fa? Ba a sayen furojet? Ba a shiga da 'yar takarda cikin safa? Kada a mayar da abin kamar mu kaɗai ne.

Yaron Kafe:
Ana yi mana, su ma mun buga musu furojet ɗin da muka san ba su suka rubuta ba. Ni dai cewa na yi a nan ƙofar ta fi faɗi. Amma maki 30 ne kawai ake iya saye, 70 ɗin sai ka zauna da kanka, da katin shaida, mai sa ido yana kanka.

Bazamfare:
Babu wanda ya taɓo maganar netwok. Duk wannan daɗin bakin na mutanen birni ne. A Satumban 2021 aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, aka kwashe makonni a haka. Ina tsakiyar zango lokacin. Don in tura aiki sai na hau mota zuwa Funtuwa, a kan hanyar da ita ma kowa ke tsoro. In zauna a shagon mai caji in sauke duk abin da zan iya, in juyo kafin la'asar. Wanda ke cikin makaranta malaminsa na nan ko da waya ko babu.

Sannan data. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, darasin bidiyo na awa ɗaya sai ka yi lissafi kafin ka shiga. Ga wuta. Wanda ba shi da sola ko ƙaramin abin ajiye caji, to ya shirya zama abokin mai shagon caji.

Maman Khairat:
Gaskiya ne wannan. Amma a lissafa kuɗin mota zuwa wata jiha tun da aka cire tallafin mai a 2023, da kuɗin ɗaki, da abinci, da handawut. Ko an ninka data sau biyu ba ta kamo su ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku 'yan uwa, daga Nijar nike biye da ku. Mu nan matsalar da ke sa mutum tunanin karatun nesa ita ce shekara ta shige cikin shekara. Yaro ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya yi rajista a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko André Salifou ta nan Damagaram, yajin aiki na malamai ko na ɗalibai ya ja zango har ba ka sanin wace shekara kake. Masu hali suna yin rajista ta intanet da jami'o'in Faransa ko Senegal, su rubuta jarrabawa a wata cibiya a Yamai. Abin da na lura, kusan duk waɗanda na sani sun gama, ma'aikata ne da suka riga suka yi digirin farko a aji. Sun san yadda ake karatu tun can, nesa ba ta ba su tsoro.

Ummu Sudais:
Ni tambayata bautar ƙasa. Ance masu karatun nesa ba sa zuwa. Gaskiya ne?

Lauyan Unguwa:
Anti, maganar tana da tarihi. Shekaru da yawa waɗanda suka gama NOUN takardar cirewa ake ba su maimakon kiran bautar ƙasa, kamar masu karatun wucin gadi. Waɗanda suka karanta shari'a kuma Makarantar Horas da Lauyoyi ta ƙi karɓarsu, aka daɗe ana ta ƙorafi har da kotu. A Disambar 2018 Buhari ya sa hannu kan gyaran dokar jami'ar don a daidaita ta da sauran jami'o'i. Wato wanda ya dakatar da ita a 1984 shi ne ya ɗaga ta bayan shekara 34. Sai dai abin da doka ta ce daban, yadda hukumomi ke aiwatarwa daban. Ga wanda ya haura shekara 30 babu damuwa, dama ba za a tura shi bautar ƙasa ba ko a ina ya yi karatu. Amma ga yarinya ƙarama wannan babbar magana ce, don wurare da yawa ba sa ɗaukar aiki sai da takardar NYSC. Shawarata ga Malam Abu Hanan, kafin a biya ko kwabo, a je cibiyar a tambaya ko waɗanda suka gama wannan kwas ɗin bara an tura su, a kuma nemi ganin ɗaya daga cikinsu. Sannan a duba cewa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince wa makarantar ta bayar da wannan kwas ɗin daga nesa, don amincewar kwas a aji ba ita ce amincewarsa daga nesa ba.

Hajiyar Tudun Wada:
A ƙara da wannan: a ajiye rasit da hoton komai. A makarantar da na yi, ba zan kama suna ba, sakamakon wani kwas ya ɓace, na rubuta jarrabawar amma fotal ya nuna ban zauna ba. Da a cikin makaranta ne sai in bi malami ofis in tsaya masa a ƙofa. A nan kuwa wa zan bi? Na cibiya su ce daga hedikwata ne, in tura saƙo shiru. Sai sake rubutawa na yi.

Injiniya:
Hajiya wannan kam har mu bai bari ba. Nawa ma ya taɓa ɓata, kuma ga malamin ina ganinsa kullum.

Abu Hanan:
Jama'a Allah Ya saka da alheri. Na miƙa wa yarinyar wayata ta karanta komai, ga abin da ta ce in rubuto, ban canza ko kalma ba:

"Yaya, ka ce musu na gode. Ni ba raina karatun gida na yi ba. Amma a gidan nan ni ce mai shara, ni ce mai aike, ni ce mai rainon 'ya'yan Anti in ta zo. In na zauna, karatun ne zai zama abin da ake yi in an gama komai, kuma ba a gama komai. Ina son in ga wasu 'yan mata suna karatu in ji haushi in tashi. In Baba tsoron hanya yake, a nema mini ta cikin gari ko da zan sake JAMB."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Zan kai wa Baba da daddare in ya ci abinci.

Dakta M.:
Wannan yarinya ta san kanta. Kuma ba lallai sai ta sake JAMB ba, a fara tambaya ko ƙofar canjin makaranta tana buɗe. In kuna Kano ga BUK ga jami'o'in jiha, ta riƙa zuwa daga gida tana dawowa. Baba ya samu barci, ita ta samu aji.

Ɗan Kwari:
To ni yanzu an bar ni ni kaɗai ke nan? Ba komai. Amma kada wanda ke da shago ko aiki ko 'ya'ya ya karanta wannan ya karaya. Har a gidajen yari irin Kuje da Kirikiri akwai masu yin digiri a NOUN, kuma kyauta ake koyar da su. Mandela ma yana tsare ya gama digirinsa na shari'a da Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989.

Yaron Kafe:
Alhaji, su ai ba mai aikensu cefane.

Ɗan Kwari:
Kai yaron nan Allah Ya shirye ka.

Hajiyar Tudun Wada:
Maman Khairat, maganar kekunan Baba ce ta tsaya mini a rai tun ɗazu. Ina son in koma in ƙarasa nawa, amma ba ni kaɗai ba wannan karon. Akwai matan da ke Kano a nan da za mu riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako?

Maman Khairat:
Akwai mu da yawa. Ƙanwar maigidana hedimistires ce a wata firamare, azuzuwansu a rufe suke ranar Asabar, zan roƙe ta aji ɗaya daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya. Sharaɗi biyu ne: ba a zuwa da yara sai na goye, kuma wadda ta fasa zuwa sau biyu a jere za mu biyo ta har gida. Ki fara zuwa cibiyarku ki tambayi yadda ake farfaɗo da rajistar da ta kwanta da abin da za ki biya. Sababbin shiga kuma su zo da littafin GST 107, da shi za mu fara tunda shi ke koyar da yadda ake tsara lokacin karatu. Duk mai so ta yi mini magana ta gefe in sa ta a rukuni.

Ummu Sudais:
A sa da ni. Amma ni sai ƙarfe uku zan iso, sai na sallami masu ɗinki.